Sinadaran tsirrai masu hana ciwon daji yin jijiya: daga ƙwan kaza zuwa jinin mutum

Ƙarin ciwon daji da bai samu jijiyoyin jini ba, da wuya ya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kwatankwacin ƙwayar gero. Dalili kuwa, iskar oksijin ba ta ratsa tsoka da nisa. Daga jikin jijiya iyakar tafiyarta mikromita 100 zuwa 200 ne (mikromita 1,000 ke yin milimita 1), duk ƙwayar halittar da ke gaba da nan sai ta fara shaƙewa. In ta shaƙe, wani furotin mai suna HIF-1 alfa yakan taru a cikinta, ya sa ta fitar da sinadarin kira da ake ce wa VEGF. Shi VEGF ɗin yana sauka ne a kan ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bangon jijiya mafi kusa. Da sun amsa kiran sai su narkar da tantanin da ke riƙe da su, su yi ƙaura zuwa wajen ƙarin, su hayayyafa a hanya, sannan su naɗe su zama bututu, jini ya fara bi. Ƙarin da ya samu haka ya samu abinci, ya kuma samu hanyar bazuwa zuwa hanta da huhu da ƙashi.

Judah Folkman, likitan tiyata a Boston ta Amurka, shi ya kawo shawarar a 1971 cewa in aka toshe wannan hanya, ƙari zai tsaya cak. Sai da aka shekara 33 kafin shawarar ta zama magani a hannun likitoci. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bevacizumab, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, don sankarar babban hanji da ta riga ta bazu. Duk mai karanta labarin wani ganye da aka ce yana hana ciwon daji yin jijiya, ya kamata ya riƙe alƙaluman gwajin da aka yi wa wannan magani. Waɗanda aka haɗa musu shi da sauran magungunan daji, matsakaicin abin da suka rayu wata 20.3 ne. Waɗanda aka ba sauran magungunan kaɗai, wata 15.6. Bambancin bai cika wata biyar ba, alhali magani ne da aka ƙera musamman don ya damƙe VEGF, ana kuma zuba shi kai tsaye cikin jijiya. A 2011 ma hukumar ta janye amincewarta da shi a kan sankarar mama, don bai tsawaita rayuwa ba. Wata biyar ba abin rainawa ba ne ga majinyaci da iyalinsa, amma shi ne ma'aunin da za a ɗora kowane tsiro a kai.

Tsirrai na da sinadaran da ke taɓa jijiya da gaske, wannan ba tatsuniya ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne yawa: nawa ake buƙata kafin a ga aiki a farantin gwaji, nawa ne kuma ke isa jinin mutum in ya sha. A tsakanin waɗannan lambobi biyu mafi yawan sakamakon da ake yayatawa ke mutuwa.

Itacen da ya fi yin nisa

A shekarun 1980 ne George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka ciro wasu sinadarai daga jikin Combretum caffrum, wani itace na Afirka ta Kudu, suka raɗa musu suna combretastatin. Mafi ƙarfinsu shi ne A-4. Shi bai tsaya ga hana sabuwar jijiya tsirowa ba, rusa wadda ƙari ya riga ya gina yake yi. Yana manne wa tubulin, furotin da ke zama ginshiƙan cikin ƙwayar halitta. Jijiyoyin ƙari sababbi ne, ba su ƙosa ba, ba su da cikakken rufin ƙwayoyin tallafi a bayansu, don haka da tubulin suka dogara wajen zama a shimfiɗe. Da ginshiƙan sun faɗi sai ƙwayoyin bangon su dunƙule, jijiyar ta yi yoyo ta toshe. Wani bincike da aka yi a Ingila a 1997 ya nuna cewa allura ɗaya a jikin ɓera ta rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na jijiyoyin ƙari cikin awa 6.

Matsaloli uku suka biyo baya, kuma kowace darasi ce. Ta farko, sinadarin ba ya narkewa a ruwa, sai da aka liƙa masa fosfet aka samu fosbretabulin da za a iya yin allura da shi. Ta biyu, siffarsa mai aiki a lanƙwashe take, haske da zafi kuwa suna miƙar da ita ta koma wata siffar da kusan ba ta da amfani, shi ya sa ake ajiye shi a kwalba mai duhu cikin sanyi. Ta uku ita ce babba. Tsakiyar ƙarin takan mutu, amma ƙwayoyin da ke bakin gefe ba sa mutuwa, domin su daga lafiyayyun jijiyoyin tsokar da ke kewaye suke ci. Daga wannan gefen ƙarin ke sake tasowa. A jikin mutane kuma an ga hawan jini na ɗan lokaci da rikicewar bugun zuciya. An gwada shi a kan mafi munin sankarar tayirod, ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, a jikin mutum 80: wata 5.2 ga waɗanda aka ƙara musu shi, wata 4.0 ga sauran, kuma bambancin bai kai ƙa'idar lissafi da za a ce ba katari ba ne. Har yau ba a amince da shi a matsayin magani ba.

Dangin wannan itace suna nan birjik a dajinmu. Geza da taramniya duk Combretum ne, sabara da marke da baushe kuma 'yan gida ɗaya ne da su. Wannan dalili ne mai kyau na a bincike su, amma zama dangi ba ya nufin sinadari ɗaya. Sai an ware, an auna, an gani.

Wasu magungunan daji biyu da suka fito daga tsirrai su ma tubulin suke kamawa: vinblastine, daga Catharanthus roseus, furen Madagaska da ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi a Najeriya, da paclitaxel daga ɓawon wani itace na yammacin Amurka ta Arewa. An lura cewa a ɗan ƙaramin awon da bai isa kashe ƙwayar daji ba, suna hana ƙwayoyin bangon jijiya ƙaura. Daga nan aka samu tsarin ba da ƙaramin awo a kai a kai ba dogon hutu, wanda aka fara bayyanawa a 2000. Abin lura shi ne duk waɗannan ukun sinadari ɗaya tak aka ware, aka san nauyinsa, aka san awonsa, kuma dukkansu guba ne in an wuce ƙa'ida.

Na cikin kicin da na majalisar shayi

Waɗanda suka fi cika shafukan intanet su ne curcumin na kurkur, EGCG na koren shayi, genistein na waken suya, da resveratrol na fatar inabi wanda akwai ɗan kaɗan nasa a gyaɗa. Dukkansu akwai binciken gaske a bayansu. A 1993 aka nuna genistein na hana ƙwayoyin bangon jijiya hayayyafa. A 1998 aka nuna curcumin na rage tsirowar jijiya a idon ɓera. A 1999 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna haka a ɓerayen da aka shayar da koren shayi. To amma a zo ga lissafi.

Yawancin gwaje-gwajen curcumin a faranti ana ganin aikinsa ne a mikromola 10 zuwa 30, mikromola kuwa ma'auni ne na yawan sinadari a cikin ruwa. A wani gwaji da aka yi a Taiwan a 2001, an ba mutane har giram 8 na tsantsarsa a kullum, ƙololuwar abin da aka auna a jininsu kuwa mikromola 1.77 ne. Garin kurkur na ɗauke da curcumin kusan kashi 3 cikin 100, ke nan kafin mutum ya samu giram 8 sai ya ci fiye da rubu'in kilo na kurkur a yini, kuma duk da haka bai kai ko rabin abin da farantin ke buƙata ba. Hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na ɗaure shi da wasu sinadarai ta fitar da shi. Ƙari a kan haka, a ruwan gwaji mai ma'aunin tsami (pH) 7.2 da zafin jiki, kusan kashi 90 cikin 100 nasa na rugujewa cikin minti 30. Masu sayar da ƙwayoyinsa sukan haɗa da piperine, sinadarin da ke cikin baƙin barkono da masoro, domin yana hana hanta fitar da shi da wuri. Gaskiya ne yana ƙara yawansa a jini, sai dai yakan taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magungunan ma, kuma an samu rahotannin ciwon hanta a Italiya da Amurka daga masu shan irin waɗannan ƙwayoyi.

Genistein, a binciken 1993 ɗin nan, ya buƙaci mikromola 5 don rage hayayyafa da rabi, amma mikromola 150 don rage yin bututu da rabi. Mai cin awara ba ya zuwa kusa da lamba ta biyu, kuma mafi yawan abin da ke jininsa hanta ta riga ta ɗaure shi. Akwai kuma wani abu: genistein na kwaikwayon sinadarin mata na istirojin, har an ga a ɓeraye yana raunana aikin tamoxifen, maganin sankarar mama. Cin awara a matsayin abinci bai nuna illa ga masu sankarar mama ba. Tsantsar sinadarin a ƙwaya, ita ce ba a sha sai likita ya sani.

Koren shayi, wanda samari ke dafawa a majalisa daga Kano har Agadas, EGCG ɗinsa a jini yawanci bai cika mikromola 1 ba, gwaje-gwajen faranti kuwa da 10 zuwa 100 ake yi. Mai son cike giɓin da ƙwayoyi ya sani cewa hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana a 2018 cewa daga miligiram 800 a kullum ake fara ganin alamun wahalar hanta. A 2009 kuma an gano EGCG na manne wa bortezomib, maganin sankarar ɓargo, ya kashe aikinsa. Resveratrol shi ma an gwada giram 5 a kullum a kan masu wannan sankarar, aka dakatar da gwajin a 2010 bayan ƙodar wasu daga cikinsu ta gaza.

Thymoquinone na habbatus sauda ya rage jijiyoyin ƙari a ɓeraye a wani bincike na 2008, amma babu babban gwaji a mutane da ya tabbatar da haka. Artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka samo daga wani dangin tazargade, an gwada shi a Landan a kan mutum 23 masu sankarar hanji, miligiram 200 a kullum na kwana 14 kafin tiyata. Sakamakon da ya fito a 2015 ya ba da ƙwarin gwiwar a yi babban gwaji, iyakarsa ke nan.

Yadda ake gwadawa, da inda ake tuntuɓe

Ɗalibai da yawa a sassan haɗa magunguna da kimiyyar sinadaran jiki suna ɗaukar wannan batu, don haka bari in tsaya a nan sosai. Tun ran gini tun ran zane: kuskuren da aka yi wajen tatsar ganye ba ya gyaruwa a wajen lissafi.

A kai samfurin tsiron ma'adanar tsirrai ta jami'a, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a tantance sunansa a karɓi lamba. A rubuta wurin da aka ɗebo, da watan, da ɓangaren da aka ɗiba, domin ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne a sinadari. A shanya a inuwa, kar zafi ya wuce digiri 40. A jiƙa giram 100 na gari a lita 1 ta etanol mai kashi 70 na awa 48 zuwa 72, a tace, a ƙafar da shi a ƙasa da digiri 45, a auna abin da ya rage. A narkar da shi a ruwan narkar da sinadarai da ake kira DMSO, a tace da matatar mikromita 0.22. A cikin ruwan da zai taɓa ƙwayoyin, kar DMSO ya wuce kashi 0.1 cikin 100, kuma dole a ware rukunin da aka zuba wa DMSO zalla daidai wannan awo.

Kafin komai a cire tanin, sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa. Ɓawon itatuwa da ganyayen dangin geza cike suke da shi, aikinsa kuwa ya ƙanƙame duk furotin da ya tarar. Zai ƙanƙame VEGF, zai ƙanƙame tantanin ƙwan kazar da ake gwaji a kansa, sai a ga kamar an samu magani. Ana cire shi ta hanyar wuce da ruwan ta cikin foliyamid ko PVPP, sinadaran da ke riƙe tanin. In aikin ya ɓace bayan an cire tanin, to da ma ba wani abu ba ne.

Gwajin bututu shi ne mai sauri. Ana amfani da ƙwayoyin bangon jijiyar cibiyar jarirai, HUVEC, waɗanda ba a sake dasa su a sabon faranti fiye da sau 6 ba, don tsofaffi ba sa yin bututu da kyau. Matrigel, wato ruwan furotin da ke daskarewa ake shimfiɗa ƙwayoyin a kansa, a nemi mai rangwamen sinadaran girma, a narkar da shi cikin ƙanƙara a firij ya kwana. Yana fara daskarewa da zarar ya wuce digiri 10, saboda haka bakin abin zuƙa da farantin duk a sanyaya su tukuna. Mikrolita 50 a kowane rami na faranti mai rami 96, minti 30 a digiri 37, sannan ƙwayoyi 10,000 zuwa 20,000 tare da abin da ake gwadawa. A ɗauki hoto tsakanin awa 4 zuwa 8, a ƙirga rassa da tsawon bututu da manhajar ImageJ. In aka bar shi ya wuce yini, ragar kan wargaje da kanta, har a rukunin da ba a sa wa komai ba.

Tambayar da ke raba aiki mai kyau da na banza ita ce: ƙwayoyin sun ƙi yin bututu ne, ko mutuwa suka yi? Gawa ba ta yin bututu. Dole a auna rayuwarsu a awo ɗaya da lokaci ɗaya, a kuma gwada a kan wasu lafiyayyun ƙwayoyin da ba na jijiya ba. A nan ma akwai tarko. Gwajin MTT da kowa ya saba da shi, wanda ke auna rayuwar ƙwayoyi ta sauyin launi, ba ya jituwa da sinadaran tsirrai irin su EGCG, domin su da kansu suna juya launin ruwan ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin, sai matattu su fito kamar rayayyu. A yi amfani da gwajin rini na SRB ko a ƙirga kai tsaye, a kuma bar ramuka marasa ƙwayoyi don a ga abin da tsiron ke yi shi kaɗai. EGCG kuma yana haifar da haidurojin feroksaid a ruwan renon ƙwayoyi, shi ne sau da yawa ke yin kisan. A zuba katalas, sinadarin da ke rusa feroksaid, a rukuni ɗaya. In aikin ya tafi, feroksaid ne. A ganina, ɗanyen tatsen da ba ya nuna komai sai an kai mikrogiram 500 ko 1,000 a mililita bai cancanci a bi shi ba.

Gwajin ƙwan kaza shi ne ya fi dacewa da ɗakunan gwajinmu, don ba ya buƙatar Matrigel ko ƙwayoyin da sai an yi odarsu daga waje. Ana duban tantanin da ɗan tsako ke numfashi da shi a ƙarƙashin ɓawo, wanda jijiyoyinsa ke tsirowa da sauri har wajen kwana na 11. Ƙwan kasuwa na kajin keji ba shi da zakara, sai an je wajen masu ƙyanƙyasa. A karɓi wanda bai wuce mako ɗaya ba, a ajiye shi a digiri 12 zuwa 16. Wannan na da muhimmanci a bazara: ƙwan da ya yini a zafin digiri 38 cikin mota ya riga ya fara girma, lissafin kwanakinka ya rikice tun kafin ka fara. A goge shi da auduga mai ɗan etanol, kar a wanke shi. A kwantar da shi a injin ƙyanƙyasa a digiri 37.5, laima kashi 60 zuwa 65. Lokacin hunturu sai an ƙara farantin ruwa a ciki, in ba haka ba tantanin zai bushe bayan an buɗe taga. Injin kuma ya kasance a kan batir ko sola, don ɗaukewar wuta na wasu awoyi na rage girman jijiya a duk ƙwan da ke ciki, abin da ake son aunawa ke nan kuwa.

Ran kwana na 3, a haska da tocila a fitar da marasa ɗa. A huda tsinin ƙwan da allura mai lamba 18, a karkata ta ƙasa don kar ta taɓa ƙwaiduwa, a zuƙe mililita 2 zuwa 3 na farin ƙwai. Wannan ke sa tantanin ya sauka ya rabu da ɓawo. A toshe hudar. A liƙa salatif a saman ƙwan kafin a yanke taga mai faɗin santimita 1, domin salatif ɗin ya riƙe ƙurar ɓawo. Ƙurar nan in ta faɗa kan tantanin tana jawo kumburi, kumburi kuma na tsiro da jijiyoyi, sai sakamako ya gurɓata. A rufe tagar, a daina juya ƙwan daga ranar.

Ran kwana na 8, a yanko takardar tacewa mai faɗin milimita 5, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, a ɗiga mikrolita 10 na abin gwaji, a bari ta bushe sarai don etanol ko DMSO kar su ƙona tantanin. A aza ta tsakanin manyan jijiyoyi biyu, nesa da ɗan tsakon da bakin taga. Awo uku aƙalla, da rukunin takarda mai ruwan narkarwa zalla, da rukunin sanannen magani kamar sunitinib ko suramin. A sa ƙwai fiye da buƙata, yadda ko wasu sun mutu za a tsira da 8 zuwa 10 a kowane rukuni. Bayan awa 48 zuwa 72 a ɗauki hoto da girma ɗaya da haske ɗaya, a ƙirga wuraren da ƙananan jijiyoyi suka yi rassa a cikin da'ira mai faɗi ɗaya. Wanda zai ƙirga kar ya san wane ƙwai ne na wane rukuni. Ido na ganin abin da zuciya ke so, kuma wannan bai bar manyan masana ba.

Karanta hoton ma ilimi ne. Hana tsirowa na gaskiya shi ne tantanin ya kasance garau, manyan jijiyoyi na nan jini na gudu, ƙananan ne kawai suka yi ƙaranci a kewayen takardar. In wurin ya yi fari fat ya yi kauri, ko jini ya tsiyaya, ko ya daskare a jijiya, wannan ƙuna ce. Sinadarai masu kumfa irin na sabulu, waɗanda ke da yawa a saiwoyi, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini su ba da irin wannan hoto, haka ma ruwan da tsaminsa ya kauce daga pH 7.2 zuwa 7.4. A kammala kafin kwana na 14, a kuma nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun farko.

Ko ɓera ma yana yaudara. DMXAA, sinadarin da aka haɗa a Okland ta Niyu Zilan bisa tsarin wasu sinadaran tsirrai da ake kira filabon, ya rusa jijiyoyin ƙari a ɓeraye ƙwarai. Da aka gwada shi a kan mutum kusan 1,300 masu sankarar huhu bai ƙara komai ba, aka tsayar da gwajin a 2010. Sai a 2013 aka gano dalili: furotin da yake kamawa, STING, na ɓera yake kamawa, ba ya kama na mutum. Sannan wasu ƙari, musamman a huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, ba sa ma gina sabuwar jijiya, tsofaffin da suka tarar suke lafewa a jikinsu. Wasu kuma in an toshe VEGF sai su koma amfani da wani sinadarin kira, FGF.

Ga majinyata da masu jinya

Jiki na buƙatar sababbin jijiyoyi don rauni ya warke, don mahaifa ta riƙe ciki, don ɗan tayi ya yi gaɓoɓi. Shi ya sa ake dakatar da bevacizumab aƙalla kwana 28 kafin tiyata, ba a kuma ba mai juna biyu. Thalidomide, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun hannuwa da ƙafafu wajen 1960, an gano a 1994 cewa yana hana tsirowar jijiya. Duk wani haɗin tsiro da aka ce ƙarfinsa ya isa ya hana ƙari yin jijiya, to ya isa ya taɓa waɗannan ma. Mai ciki, da mai jiran tiyata, da mai gyambon ciwon suga, su ne suka fi shiga haɗari. Wanda ke karɓar maganin daji a asibiti ya gaya wa likitansa duk abin da yake sha, har jiƙo da ƙwayoyin ƙarin abinci. Abin da ya fi damuna shi ne watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe a gida da ƙulli a mama, alhali a lokacin ne tiyata ke iya cire shi gaba ɗaya.

Mai binciken da ƙwansa ya nuna sakamako mai tsabta kuwa, aikin da ke gabansa shi ne ya raba tatsen kashi-kashi, da heksen, da etil asetet, da butanol, da ruwa, ya sake gwada kowane kashi har ya kai ga sinadari guda da zai san nauyinsa. Daga nan ne zai iya faɗin awo da mikromola. Sai ya ba ɓera ta baki, ya ɗebi jini a minti 30, da awa 1, 2, 4, 8 da 24, ya auna da na'urar ware sinadarai ta HPLC nawa ne ya isa jini a sake ba a ɗaure ba, kuma awa nawa ya yi kafin ya ɓace. In lambar da ta fito ba ta kai wadda ta yi aiki a faranti ba, gwajin ƙari a ɓera bai taso ba tukuna. Sai a koma a gyara siffar sinadarin ko hanyar shigar da shi jiki, yadda aka yi wa combretastatin da fosfet.